Riga Mai Dogon Hannu

Shekarun baya, muna zaune a wani ƙauye gefen Kura, yarona ya daɗe da yaye amma ko "Umma" bai taɓa cewa ba. In an tada injin ban ruwa a gonar bayan gida, sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. Wannan kowa ya sani. Abin da nake ɓoyewa, har ga babansa, shi ne yadda yake cizon hannunsa sai ya yi jini. Riga mai dogon hannu nake sa masa ko ana tsakiyar zafin bazara. Tsorona kada a ce ya haukace, a raba ni da shi.

Rannan wata ma'aikaciyar lafiya ta yi sallama, daga asibitin da aka ce mana sunan lalurarsa otizim. Wai tambayoyi za ta yi mini kan halayensa masu wahala, a auna wanda ya fi tsanani. Na leƙa takardarta. Saman kowane layi wani rubutu ne, ba boko ba ajami, ƴan zagaye da sanduna, sak hatimin masu tsibbu.

Na ce, "Anti, wannan fa?"

Ta ce, "Rubutun Koriya ne. Can aka tsara tambayoyin, muna gwada su da Hausa."

A raina na ce, Koriya yara suka ƙare musu, sai nawa? Na gyara zama, na ɗaure fuska.

"Yana dukan yara?"

"A'a."

"Yana fasa kaya?"

"Wane yaro ne ba ya fasawa?"

Sai ta karanto, "Yana cizon hannunsa?"

Na miƙe zumbur. "Wa ya gaya miki? Maƙwabciyata ce ko? Dama ta katanga take leƙenmu!"

"Ƙanwata, zauna. Tun kafin in san gidanku yake a rubuce."

"To duba suke yi a can?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wane irin duba! Yaransu ma suna yi, shi ya sa aka rubuta."

Na koma na zauna. Ashe akwai wata uwa can ƙarshen duniya da take wanke irin ciwon da nake wankewa. Na jawo yarona, na naɗe hannun rigar. Ba ta yi salati ba, ba ta kau da kai ba. Cewa kawai ta yi, "Sannu. Yaushe ya fi yi?" Ina buɗe baki na ji kaina ina cewa, in injin nan ya tashi.

Ba a ɗauke mini shi ba. Shawara ta ba ni in riƙa kai shi gidan mahaifiyata kafin a tada injin, in kuma ba shi tsumma mai tsabta ya ciza. Babansa ma a ranar ya ga tabon.

Har gobe ban gama yarda da rubutun nan ba, don tana fita na tofe tabarmar da addu'a, hoton yaron da ta nemi ɗauka kuwa na hana. Amma bazarar da ta biyo baya, da ƴar singileti yarona ya yi ta.