Wanda ya shayar min da tumatir ranar Lahadi

Jiya ina zaune a coci, fasto yana wa'azi, ni kuwa hankalina duk yana gona. An saki ruwan kanal a layinmu na Bunkure tun safe, in ya wuce ka kuma sai wani makon. Ga tumatirina ya fara yaushi.

Ana tashi ko gaisawa da mutane ban tsaya yi ba, na haye babur.

Ina isa na tarar kowane fangali ya sha ruwa ya ƙoshi. Malam Sani, maƙwabcina a gona, yana tsaye cikin laka da fartanya yana toshe bakin ruwa na ƙarshe. Dattijon nan fa mako uku ke nan ba na gaishe shi, tun da muka yi cacar baki kan iyaka.

Na ce, "Baba, kai ka yi wannan aikin?"

Ya ce, "To Yohanna, kana wurin ibada, sai in zuba ido shukarka ta mutu? Rigimarmu daban, tumatir bai yi min laifin komai ba."

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na ce ya yafe min. Ya yi dariya, ya ce in tashi kar in ɓata wandon coci.

A hanyar gida sai da na yi hawaye. Kullum ina roƙon Yesu ya gafarta min manyan laifuffuka, amma ni na kasa yafe taku biyu na ƙasa.

'Yan'uwa, akwai wanda kuka daina gaisarwa? Me ya hana ku fara yau?