Kawu Isidore da Bukkokin Tafkin Mujiya

Ranar Talata, sha takwas ga watan Maris, da hantsi, aka kira daga asibitin birni aka ce Kawu Isidore Morin ya cika, bayan ciwon huhu ya kwantar da shi mako guda. Mai shi ya karɓi abinsa.

Kawu, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi, irin wadda za a karanta a coci kowa ya share hawaye ya koma gida. Na yi ta farawa ina yagewa. Raina a ɓace yake, kuma ka san ni, ban iya rufe fuska ba. Don haka zan bi abin daki-daki, yadda na saba rubuta ranakuna, ko na gane wanda nake fushi da shi. Abin da ya tsaya mini a wuya tun ranar da ka kwanta shi ne Tafkin Mujiya, da hannun da zai faɗa bayanka.

Tun da aka datse kogi daga sama, ruwan fadamarmu ya daina bin lokacinsa. Tafkunan da kakanninmu 'yan ƙabilar Cree suka ci suka sha da gafiyar ruwa a cikinsu, wadda muke kira wacask, yawancinsu sun bushe, itatuwa sun cinye su. A duk wannan yanki namu na arewacin Saskatchewan a ƙasar Kanada, naka ne ya rage da rai sosai. Mutane suna cewa kana da sa'a. Ni da na tashi a gidanka bayan rasuwar mahaifiyata, ƙanwarka, na san irin sa'ar. Kowace kaka kana shiga kwalekwale kana zagaya gidajen da gafiyoyin suka gina da kacalla da laka, ka ware waɗanda ba za a taɓa ba, iri ne na baɗi. Shekarar da ka ga sun yi ƙaranci, sai ka rataye tarkunanka, mu ci kifi har ya gundure mu. Idan Inna Rosalie, matarka, ta yi mita, ka ce ta yi haƙuri, ai wannan 'yar dabbar ce ta nutse ta ɗauko ƙasar da aka shimfiɗa duniya da ita, ba a cin mutuncin mai gida.

Ban manta yadda kake gasa mana jelarsu a kan murhu ba, ni da ɗanka Gilbert, kana raba mana daidai wa daida, duk da ni ce baƙuwa. Ban manta da matan da mazajensu suka mutu ba, waɗanda kake ajiye wa kyafaffen nama a bakin ƙofa ka wuce ba sallama, don kada su ji nauyin godiya.

Kai ne kuma ka nuna mana bukkoki. Idan tafki ya daskare, gafiyar ruwa tana huda ƙanƙara nesa da gidanta, ta turo ciyawar ƙasan ruwa ta tara a kan ramin, ya zama 'yar bukka. Nan take fitowa ta sha iska, ta ci saiwar da ta haƙo, ta koma. Mai tarko yana buɗe gefen bukkar ya ɗana tarkonsa, sannan ya mayar da jiƙaƙƙiyar ciyawa ya toshe, ya tara dusar ƙanƙara a kai. Ranar da ya cire tarkon ma haka zai yi. In ya bar ta a buɗe, ramin zai daskare, sauran 'yan gidan su taho da numfashinsu na ƙarshe su tarar da hanya a rufe. Ka sha faɗa mana cewa wanda ya shiga ɗakin mutane ya fita bai ja ƙofa ba, ɓarawo ya fi shi mutunci.

Bana Gilbert ya dawo daga wurin haƙar ma'adinai, inda ya yi shekaru, ya ce shi zai yi maka farauta, ka huta da ƙirjinka. Ka yi murna, na gani. Ya shiga da abokansa biyu a kan baburan ƙanƙara, suna sauri don hutunsu gajere ne. Lokacin ɗana tarko sun toshe bukkokin, tunda suna son kamu. Ranar kwashe tarkuna kuwa suka bar su a wangale, daga bakin tafki har ƙarshensa, aiki ya ƙare a wurinsu. Washegari sanyi ya dawo da ƙarfinsa.

Ka ji labari, ka fita kai kaɗai, da tarinka da shekarunka saba'in da 'yan kai. Ba ka kira ni ba, ba ka kira kowa ba, kuma na san dalili: ba ka son idon wani ya ga aikin ɗanka. Kana bi kana sake huda ramukan da suka fara kamawa, kana cusa hannu cikin ruwa kana ciro ciyawa kana toshewa. A gefen rafi ruwa ya hau kan ƙanƙara ya ɓuya a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, babur ɗinka ya kafe, ka jiƙe har cinya. Tsoho Baptiste, shugaban ƙungiyar masu tarko, shi ya tsince ka da la'asar kana tafe da ƙafa, wandonka ya sandare kamar itace. Ya ga bukkokin da ka rufe, ya ga waɗanda ba ka kai gare su ba.

Kafin a binne ka duk gari ya sani, amma babu wanda ya furta. A zaman makoki ana ta zuba shayi ana karya gurasa, kowa yana cewa ka tafi a kan abin da kake so, tafkinka ne ya kira ka. Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai. Tafki bai kira ka ba. Ganganci ne ya fitar da kai, kunya ta hana ka neman taimako, mu kuma muka zauna muna yi wa abin ado.

Bisa al'ada, wurin farautar uba ɗa ne ke gadonsa, ƙungiya hannu kawai take ɗagawa. Ana gobe taron da ƙungiyar za ta miƙa tafkin ga Gilbert, Inna Rosalie ta ja ni kicin. Ba ta ambaci bukkoki ba. Ta ce dai ta rasa miji, kada a ƙara mata, Gilbert ba ya cin abinci, tafkin nan kaɗai ne zai zaunar da shi a gida. Na ce mata na ji. Na kwana ina auna abin. Ni ma'aikaciyar gidan waya ce, ban taɓa ciyar da gida da tarko ba. Wataƙila ya riga ya koyi darasinsa. Wataƙila kishi ne yake cina, don shi ɗa ne ni 'yar riƙo. Har yanzu ban iya rantsewa babu ɗigon wannan a ciki ba. Amma duk ta inda na juya, ina dawowa wuri ɗaya: abin da ya tsira a tafkin bana kaɗan ne, in aka sake shiga baɗi da irin wannan hannun, ba za a bar ko iri ba.

Da Baptiste ya ce a ɗaga hannu, sai na miƙe. Na faɗi abin da ya faru, tiryan-tiryan, na roƙi a bar tafkin ya huta. Gilbert ya juyo ya dube ni.

"Yaya Verna, ke da ba ki san bakin tarko daga gindinsa ba? Koma ki lashi kan sarki, ki bar wa maza maganar daji."

Wasu suka yi dariya. Na ce masa gaskiya ne, ban iya tarko ba, amma na iya rufe ƙofa. Daga nan na tambayi Baptiste a gaban kowa ya faɗi abin da ya gani. Ya ce, "Abin da yarinyar nan ta faɗa, haka na gani." An yanke cewa Tafkin Mujiya zai huta shekara biyu, babu tarkon kowa a ciki, bayan haka a sake zama.

Gilbert ya koma wurin aikinsa washegari, bai yi wa kowa sallama ba. Na je gaishe da Inna Rosalie, ta tare ni a bakin ƙofar gidan da na girma a ciki.

"Kin ceci ɓeraye, 'yata. Ni kuma kin kore mini ɗa. Je ki, sai na neme ki."

Ba ta neme ni ba tukuna.

To Kawu, yanzu na gane, kuma ka yafe mini: har da kai nake fushi. Ka iya faɗa wa duk gari gaskiya a kan gafiyar ruwa, amma ka kasa kama kunnen ɗanka ka mayar da shi ya rufe abin da ya buɗe. Ka zaɓi ka rufe masa da hannunka, ka mutu a kai, ka bar mini maganar da ta fi ƙarfin bakina. Na faɗe ta. Tafkinka zai huta, ni kuma na rasa gidanka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da abin da ka ciyar da marayu da gwauraye. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Rosalie, Allah ya ba ta haƙuri, ya sanyaya zuciyarta a kaina in ya ga na cancanta. Ina miƙa ta ga 'ya'yanka mata da jikokinka da dukan dangin Morin. Ina miƙa ta ga Gilbert, wanda ya rasa uba, kuma ya san yadda ya rasa shi. Allah ya sassauta masa wannan nauyi, amma kada ya ɗauke masa shi duka. Amin.