Hatimin Yaya Ishaya

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Ishaya. Har yau idan aka tambaye ni aikinsa, sai na yi ɗan bayani: mai tsara filaye ne, shi ke zana inda itace zai tsaya, inda mutane za su taka, da inda ruwan sama zai bi ya wuce.

Ranar da ya dawo Zuru da lasisin aikinsa, bayan dogon karatu da jarrabawa, Babanmu, tsohon soja, ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Yanzu dasa itace ma sai da lasisi? Uwarka ta dasa mangwaron nan, wa ya ba ta takarda?" Yaya dariya kawai ya yi.

Daga baya kwamitin wata makaranta a wajen Dabai ya ba shi aikin filin wasa a gindin dutse. So suke a sare ɗorawa huɗu, a baje ƙasa kafin damina. Ya hau dutsen da ƙafa, ya bi sawun ruwa, ya sauko ya ce in aka yi haka ruwa zai zarce cikin azuzuwan ƙananan yara. Shugaban kwamitin, abokin Baba tun suna bariki, ya ce, "Ɗana, buga mana hatimi kawai, sauran namu ne."

Yaya ya ce wa dattijon, "Baba, hatimin nan sunana ne. In bango ya faɗa wa yaro, ni za a tambaya, kuma daidai ne a tambaye ni."

Wata uku dattijon bai amsa gaisuwarsa ba, abin ya dami Yaya ƙwarai. Amma masu tallafa wa aikin sun ce sai da hatimin mai lasisi, dole aka bi zanensa. Aka bar itatuwan, aka jera duwatsu hawa-hawa irin na gonakin kakanninmu, aka ja magudana ta bayan azuzuwa.

Yanzu gari na ta faɗaɗa, duk mai baro da shebur yana karɓar aikin fili. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin ba zai yi faɗa ba, zai dai tambaya wa zai amsa idan abu ya lalace.

A daminar bana na leƙa makarantar bayan wani ruwa mai ƙarfi. Azuzuwa a bushe, yara na buga ƙwallo. Babu wanda ya san sunan Ishaya a cikinsu, ni ma ban ga dalilin gaya musu ba. Na tsaya har aka ci ƙwallo ɗaya, sannan na hau acaɓa na koma gida da farin ciki.