Ƙafar Inna Ba Lalle

Babban yatsan ƙafar Inna ta dama ya daɗe da karkacewa, ya hau kan na kusa da shi, ƙashin gindinsa ya turo waje kamar gaɓar rake. Shekarar da na gama makaranta, zuwa hawasha, gonarmu ta auduga, ya fara gagararta. Wani likita a garin Sinnar ya ce zai yanka ƙashin ya daidaita shi, amma za ta jima kafin ta taka sosai. In an yi da wuri za ta riski tsinkar auduga. In an makara, sai dai ta ji labari daga bakin gado, ita da kakar auduga ba ta taɓa wuce ta ba.

Ana gobe za mu tafi asibiti, matan unguwa suka taru suka yi mata lalle baƙi wuluk har idon sawu. A wurinmu matar aure ba ta fita da ƙafa fara, balle ta miƙa ta gaban baƙo.

Likita ya daɗe yana kallon zanen.

“Hajja, ya yi kyau ƙwarai,” in ji shi. “Amma bayan aiki launin fatar nake dubawa in san jini na gudana. Ki dawo in ya goge.”

Muka koma gida. Kullum da hantsi nakan zauna gindin darbejiya in ɗora ƙafarta a cinyata, ina gogawa da lemun tsami da dutsen wanka, furannin zanen suna dushewa kaɗan-kaɗan. Da suka ɓace, haka ta riƙa shiga suna da biki. Wata maƙwabciyarmu ta tare ta a gidan suna.

“Ke, Malam na nan da rai kuwa? Na ga ƙafa kamar ta mai takaba!”

“Yana nan, ya fi naki cin wainar kisira,” in ji Inna. “Ki adana lallenki, zan zo karɓa.”

Ko gefen tob, dogon mayafinta, Inna ba ta ja ta rufe ƙafar ba.

Aka yi aikin, ta yi jinya tana tambayar duk mai shigowa ko auduga ta fashe. An riga an fara tsinka ranar da ta warke ta fito gona. Ina biye da ita a bakin magudanar ruwan gona, tana tafe a hankali, sawunta a taɓo yatsu biyar a jere. Mata suka ɗago daga cikin farin gona suna guɗa. Inna ta miƙo mini hannu.

“Ba ni buhun nan, ɗiyata. Wannan layin nawa ne.”