Daren da Muka Ƙona Robar Jif

Bari in fara da wautata. Ina ɗan yaro na gasa dankali a wutar da ake ƙona roba, na kuma cinye shi tas. Na daɗe ina gyatsa mai warin taya, har akuyar gidanmu ta daina zuwa kusa da ni.

Ga yadda aka yi. A gidanmu na Ɗanzomo akwai tsohuwar jif da marigayi kakanmu ya bari, mai kai mutane kasuwar Maigatari ran Alhamis. Bushin ɗinta, wato robobin da ke hana ƙarfe gugar ƙarfe a ƙafafunta, sun cinye ƙaf. In ta bar ƙofar gida, mutanen Gumel na jin ƙararta su fara kwashe yara daga hanya. Baffa Hamisu, ɗan farin Kaka, shi ke tuƙa ta, kuma ya gaji. Ya ce ko ta kai Maigatari Alhamis ɗin nan ba ƙara, ko 'yan gwangwan su zo su yanka ta.

Sai Kaka ta aika aka kira Isiya makaniki. Ya kwance ƙarafan, ya yi ta dukan tsohuwar robar da guduma, ta ƙi fita. Ya ce sai wuta. Wutar kuwa ita ce ta tsakar gida, inda Kaka ke yi mana tatsuniya bayan isha'i. Muka zauna hayaƙi na sa mu hawaye, Isiya a gefe yana yanko sababbin robobi daga tsohuwar tayar babbar mota, Baffa a bakin zaure wai rediyo yake ji.

"Ga ta nan, da hayaƙinta," in ji Kaka.

"Ta zo mu ji ta, tsohuwa, kafin mu shaƙe," na ce.

"Rufe min baki, angon banza mai baƙin haƙori."

Wai wani tsohon raƙumi ne gwiwoyinsa ke kuka, ƙiii, ƙiii. Kura ta yi ta bin sa tana cewa, "Baba, ka ƙare. Durƙusa ka huta, ni zan kula da sauran." Raƙumi ya ce gwiwa ce ta gaji, ba shi ba. Ya ja jiki har gidan baduku, aka cusa masa fata a kowace gaɓa. Da kura ta dawo da 'ya'yanta da gishirinsu, ya yi mata shuri ɗaya, sai a Damagaram ta sauka.

"Kurar nan tana da rediyo?" na tambaya.

Kaka ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, don kunya. Ta dai ɗaga murya ta ce, "Ban sani ba. Amma ka faɗa wa na bakin zaure, motar marigayi malam ba nama ba ce."

Rediyon Baffa ya yi shiru.

A lokacin na ɗauka shurin ne daɗin labarin. Yanzu da gashi ya fara leƙo min a haɓa, na gane abin da take nufi: sau da yawa ɗan abu ne ya lalace, mai kwaɗayi ne ke cewa duka ya mutu. Shi ya sa ranar da na faɗi lissafi aka ce in bar makaranta, na ce gwiwa ce kawai.

Alhamis jif ta isa Maigatari shiru, Kaka a gidan gaba ta harɗe. A hanyar dawowa lagireto ya fashe, shanun noma suka jawo ta gida. Baffa ya buɗe baki, Kaka ta riga shi: "Zuwa aka yi sharaɗi a kai, kuma ta je." Shi ya sayo wani lagireton a Gumel, kuma har yau shi ke tuƙa ta.