Kashin Karen Da Na Rufe Da Yashi

Assalamu alaikum. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina kiwon tumaki a wani garke da ke gindin dutse, bayan Ka'akiyya a Makka. Mutumin ƙauye ne ni, na yi karatu daidai gwargwado, ba na rasa jam'i, rigata kuma kullum fes, shi ya sa 'yan uwa suke ce mini Malam. Kafilina, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, take ƙarƙashinsa, yana da karen gadi saboda karnukan da ke saukowa daga dutse suna kashe 'yan raguna. Ni aka ɗora wa kula da shi.

Kullum da hantsi nakan sa masa igiya in zagaya da shi. Hanya ɗaya ce tal tsakanin dutsen da gidaje, siririya, mutanen unguwa suka shafe ta da siminti domin tsofaffi su riƙa bi zuwa masallaci. Idan karen ya yi kashi a kanta, sai in sa gefen takalmina in jawo yashi in rufe, in wuce abina. Haka muke yi a gida, rana ta busar, ƙasa ta cinye. Ban tsaya na yi tunanin cewa siminti ba ya cinye komai ba. Gaskiyar magana kuma, ƙyama nake yi, ba na son najasa ta taɓa hannuna ko rigar sallata.

A bakin hanyar akwai gidan wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka. An yi masa aiki a gwiwa, ganinsa ya yi rauni, da sanda yake tafiya. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini ɗan ƙasarmu. Mutum ne mai barkwanci, yakan ce wallahi karen nan ya fi ni ƙiba, ko dai shi nake ba rabona na shinkafa? Wata rana matarsa ta yi mini magana ta bayan ƙofa, ta ce Malam, a riƙa kwashewa mana, ai leda ba ta ƙare a Makka ba. Na ce to Hajiya, in sha Allahu. Kwana biyu na yi ina kwashewa, na uku na koma halina.

Ranar wata Juma'a na mayar da karen garke, ina rufe ƙyaure sai na ji salati. Da na juya sai ga Baba kwance a kan simintin, sandarsa can gefe. Ya taka tulin yashin nan, ƙafarsa ta zame, ya faɗi a kan ƙugu. Farar jallabiyarsa ta ɓaci tun daga baya har gwiwa. Ina cikin waɗanda suka ɗaga shi, shi kuwa ba ƙugun yake ambato ba, cewa yake a rufe shi kada mutane su gani. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye.

Mutane suka ɗora laifin a kan karnukan dutse, na ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe mini. Amma babban ɗan Baba, wanda Larabci ya fi ƙarfi a bakinsa, ya tsuguna ya duba wurin, ya ɗauki hoto da waya. Ya ce shi dai bai taɓa ganin karen dutse mai takalmi ba, ga sawun nan a kan yashin. Ya rantse sai ya gano mai shi ya kai shi baladiyya, wato hukumar gari. Ni kuwa na san abin da ƙara take jawo wa baƙo irina. Kafili zai iya sakina, iƙama ta mutu, a sa ni a jirgi, in rabu da Ɗakin Allah da abincin 'ya'yana gaba ɗaya.

Kwana tara na yi ina ɓoye laifina. Na jefar da takalman a bayan dutse na sayi wasu. Na daina fita da karen. Duk farar motar da ta tsaya kusa da garke sai in ɗauka ta baladiyya ce ta zo kama ni. Abin da ya fi damuna shi ne shirun Hajiya. Ta sani, ba ta faɗa ba, in na gaishe ta ta amsa lafiya lau. A sahu kuma in na sunkuya sai in ga gurbin da Baba yake ajiye kujerarsa babu kowa, in kasa tuna raka'a nawa muka yi.

Ran na goma, bayan La'asar, na shiga gidan. Baba yana kwance, ɗansa na zaune a gefe. Na durƙusa na faɗi komai, har maganar takalman. Ɗan ya miƙe yana faɗa da Larabci, Baba ya ce masa ya zauna, ba da shi ake ba. Sannan ya ce ai tun ranar farko ya sani, kunnensa bai mutu ba, kullum yana jin ƙarar takalmina ina jan yashi. Ya ce da na bar abin a fili, da ko shi mai rabin ido ya gan shi ya kauce, rufewar da na yi ce ta kayar da shi. Ya ce jira yake ya ga ko zan zo da ƙafata, tunda na zo ya yafe, kuma bai yarda a kai ni ko'ina ba.

Ba a kai ni ƙara ba, amma maganar ta isa kunnen kafili, ya mayar da ni wani garke can nesa da gari. Baba kuwa bai sake taka ƙafarsa zuwa masallaci ba har Allah ya karɓi abinsa. Mutumin da ya shekara sittin yana sallah a jam'i, ya ƙarasa kwanakinsa yana yin ta a kan gado.

Na daɗe ina juya abin a zuciyata. Na tsare tsarkin rigata, na bar ƙazanta a hanyar musulmi, alhali tun ina yaro aka koya mini cewa kawar da cuta daga hanya ibada ce. Don haka ina roƙon duk mai dabba, kare ne ko jaki ko akuya, in za ka bi da ita hanyar da jama'a ke bi, ka sa leda a aljihu. Ka sunkuya ka kwashe, kada ka rufe. Hannu ruwa da sabulu ke wanke shi. Ni yafiyar da aka yi mini ba ta mayar da Baba sahu ba, kuma da wannan nauyin zan je gaban Ubangijina. Ina barar addu'arku gare shi.