Wasiƙar da Mama Tabita ta ɓoye

Wata rana, a Bukuru, dattawan coci suka zauna a kan auren Keziya da Istifanus, a gidan mijin.

Kafin aure an gwada jininsu. Shi AS, ita AA. Sai ga ɗansu na fari yana ciwo irin na masu sikila.

Dangin miji suka ce ta sayi takardar gwaji ne, ta koma gidansu.

Likita ya yi bayani: akwai wani gadon jini, talasimiya, wanda gwajin aure yakan tsallake. Idan ya haɗu da S, yaro kan sha wahala. Dangin miji suka ce, “A ina ta samo? Likitan ma nasu ne.”

A gefe kakar Keziya ke zaune, Mama Tabita, shekara tamanin da uku. Ita ta raine ta. Duk garin an ɗauka farin fatar Mama Tabita na Fulani ne, ita kuma ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Ubanta Bature ne mai haƙar kuza, wanda ya tafi tun tana cikin uwarta.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, jikar Baturen nan ta nemo ta da wasiƙa daga Ingila: danginmu na ɗauke da wannan abu a jini, ku yi gwaji.

Kunya ta sa ta ninke takardar ta jefa ƙasan akwati.

A zaman ranar nan ta miƙa wa Fasto wasiƙar. Ya karanta a fili, ya fassara.

Uwar miji ta ce, “Mama, ashe kin sani kika yi shiru?”

“Na sani, 'yata. Asalina na ɓoye, sai ciwon ya faɗa kan jariri. Ni za ku zaga, yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba.”



Istifanus ya tashi, ya ɗauki jakar kayan matarsa da aka fitar bakin ƙofa, ya mayar ciki.

Yaron bai warke ba. Yana karɓar magani, iyayensa biyu na kula da shi. Mama Tabita kuwa, har ta rasu, wasu ba su sake gaishe ta ba.

Darasi: Abin da ke cikin jininka ba sirrinka ba ne kai kaɗai. Faɗa wa naka, ko da ka makara.

Tura wa wanda ke shirin aure, da tsohon da ya san tarihin gidanku.